Wa Ya Yi Jinyar Iya?

Iya, kakata ta wajen uba, ta cika ne daren Talata, gab da kiran assalatu. Kafin hantsi motoci sun cika ƙofar gidanmu har sun toshe burtalin da shanu ke bi zuwa fadama. Mu na Kano muka fi yawa, sai na Dutse. Na Abuja ba su sami jana'iza ba, sai bayan la'asar suka iso. Aka kafa rumfa biyu, aka ɗauko hayar kujerun roba, aka sauke buhunan shinkafa da ruwan leda. Kuɗin da aka tara a zauren WhatsApp na dangi tsakanin asuba da azahar ya fi duk abin da muka aika mata a shekarar da ta rasu. Ni na riƙe lissafin, shi ya sa na sani.

Kwana uku muna kan tabarma muna karɓar gaisuwa. Ya haƙuri? Da godiya. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi mata nan. Ranar sadakar uku na shiga cikin gida neman buta, sai na tarar da Inna, matar Baffana, durƙushe a gindin murhu tana tuƙin tuwon baƙi, hayaƙi ya rine mata ido. Shekara biyar da wata huɗu ita ke ɗaga Iya, ita ke kwantar da ita, ita ke wanke ta. A ɗan tsayuwar da na yi, magana ɗaya na ji an yi mata. Wata 'yar'uwarmu ce ta leƙo ta ce, "Inna, miyar nan fa ba ta isa zaure ba."

Tun daga ranar abin yake cina. Sai dai kafin in zo kan Inna, bari in gaya muku wace ce Iya, don ku san ba kowace tsohuwa muka rasa ba.

Iya ba ta san shekarunta ba, kuma abin bai taɓa damunta ba. In ka matsa mata sai ta ce ita da jirgin Nguru kusan sa'anni ne, ya ɗan girme ta da kaɗan. Dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa Ringim da Malam Madori, a 1930 ya kai Nguru, to sai ka yi lissafi da kanka. Ta yaye babana a shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1953 ke nan; lokacin ƙasarmu duk ta Kano ce, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Baffa kuwa, autanta, yana bayanta aka kashe Sardauna. Kuɗi ma har ta koma ga Allah da tsohon ƙidaya take ƙirga su. Naira ta shigo tun Janairun 1973, amma in ka miƙa mata dubu ɗaya sai ta juya ta ta ce jaka biyar, don a wurinta jaka fam ɗari ce, fam kuma naira biyu.

Ba ta taɓa kama sunan babana ba, ɗan fari ne. "Wancan na birni" take cewa. Ni kuwa a ɗakinta aka yaye ni, ban bar wurinta ba sai da na shiga aji uku. Maigida take kirana, in ce mata amarya, ta ce ita ba ta taɓa ganin miji mara cefane irina ba. Ta yi kaɗi har mazari ya yi mata kanta a yatsa, ta soya ƙuli, ta dafa kalwa. Har yau in aka buɗe tukunyar miyar kuka mai daddawar gaske, ɗakinta nake tunawa: jeren tasa da kwalla har rufi, gadon ƙarfe mai rumfa, da ƙullin goro a jiƙaƙƙen algarara a ƙarƙashin randa.

Ita ma ta yi jinyar uwar mijinta, ta sha ba ni labarin. Tsohuwar ta makance, ta daɗe a kwance. Amma su huɗu ne faccaloli a gida ɗaya, kowacce da ranar girkinta, kowacce da daren da za ta kwana a ɗakin tsohuwa. Mazansu huɗu suna noman gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Maigida ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa samari aure. Tsoho a irin wannan gida ba ya neman fansho, gandun ne fanshonsa, kuma jinyarsa ba ta karya bayan mutum ɗaya.

Kada wani ya ɗauka kukan a koma jiya nake yi. Iya da kanta ba ta yi wa zamanin da kwalliya. Ta haifi tara, huɗu suka rayu. Ƙyanda da agana suka kwashe sauran. Ta ga magidanta sun sayar da hatsin ci don su biya haraji, shi ya sa har ta tsufa ba ta daina sa wa Malam Aminu albarka ba, da Abubakar Rimi da ya soke haraji da jangali a 1979. In ka ce mata mutanen da sun ji daɗi, sai ta ce daɗin me, daɗin dakan dami uku kafin rana ta take?

Gandun nan ba wani ne ya zo da gatari ya sare shi ba. Gyaɗa ce ke riƙe da shi, ita ke kawo tsabar kuɗi gida. Aka yi farin 1973, shekara biyu bayansa cuta ta faɗa wa gyaɗar ta cinye gonaki, dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Kuɗin mai suka buɗe aiki a birni, makarantun UPE, na firamare kyauta, suka zo a 1976, cin ranin da ake tafiya bayan kaka a dawo da saukar ruwan fari ya koma tafiyar da ba a dawowa sai da salla. Gonaki kuma kowace mutuwa sai an ƙara yanka su. Yau sassa huɗu na gidanmu, biyu a garƙame suke da kwaɗo, ɗaya ya rushe, Baffa kaɗai ya rage da iyalinsa. Al'adar kula da tsoho tana nan daram a bakinmu. Hannuwan da ke ɗauke da ita ne suka ragu daga takwas suka koma biyu.

Muna son mu bugi ƙirji mu ce mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Gaskiya ne, Bahaushe ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da a ce uwarsa tana gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano. Amma wannan "mu" ɗin, su wa ke ciki? In ka bi gidajen karkarar Kano da Jigawa ka ɗaga labulen ɗakin da tsoho ke kwance, wadda za ka tarar a gefensa ba ta wuce ɗayan uku: matar ɗan da bai samu fita birni ba, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka cire daga makaranta. Mu masu bugun ƙirjin muna can Sabon Gari da Kantin Kwari da ofis-ofis. An ce zumunci a ƙafa yake, mu mun mayar da shi cikin waya.

Iya ta zame ne a makewayi da daminar 2019, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, aka kai ta asibiti aka dawo, ba ta sake takawa ba. Babana ya so ya ɗauke ta zuwa Kano, ta ce a bar ta inda aka binne cibiyar 'ya'yanta. Kowa ya yaba, ni ma na yaba, kuma a ƙasan raina na ji sauƙi. Ba wanda ya tambayi Inna ko za ta iya. Ba a ma ga abin tambaya a ciki ba.

Wanda bai yi jinyar kwance ba bai san abin da ake nufi ba. Sai an juya mutum dare da rana, in ba haka ba bayansa ya ɓare ya zama gyambo. Sai an wanke zannuwa kullum, ruwan kuma daga burtsatsen bakin masallaci ake ɗauko shi. Kunu da ludayi, kaɗan-kaɗan, don kada ta sarƙe. Inna tana tuyar ƙosai da safe tun kafin a haife ni, da shi ta yi wa 'yarta ta fari kayan ɗaki. Ta kife kaskon. Ta bar ɗakinta ta koma shimfiɗa tabarma a gaban gadon Iya. Da aikin ya fi ƙarfinta, aka ce autarta, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ta ɗan zauna gida na zango ɗaya. Mahaifiyar Inna ta yi ciwon ajali a wani ƙauye da bai fi tafiyar awa ɗaya a babur ba. Sau biyu ta je, ba ta kwana ko sau ɗaya ba.

A ambaliyar 2022, wadda ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, katangar gabas ta zube cikin dare. Baffa da Inna da yarinyar nan suka ɗora Iya a amalanke suka tura ta cikin ruwa zuwa firamare, suka yi mako biyu a aji. Mu muka ga hotuna a waya, muka rubuta innalillahi, muka tura abin da ya sawwaƙa. Farkon 2023 kuma, lokacin da takardun naira suka yi ɓatan dabo, muna turawa ta banki muna ganin mun fita, alhali mai POS na garin ba shi da ko sisi a hannu. Akuyarta Inna ta ba da aka kai kasuwar Gujungu, aka sayo maganin hawan jini da madara. Sai bayan rasuwa na ji wannan, kuma ba daga bakinta ba.

Akwai wanda ya fi wannan yi mini ciwo, don ni na yi shi. A shekara biyun ƙarshe gigin tsufa ya kama Iya. Wata rana na je, ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, matar nan tana kwashe mini kuɗi." Na san ba ta cikin hayyacinta sosai, amma shaiɗan bai bar ni ba. Na ja Baffa gefe na ce, Baffa, abin da muke aikowa yana isa hannun Iya kuwa? Bai ce mini komai ba. Ya shiga ɗakin ya sauko da wata kwalla daga can sama, ya buɗe. Ƙulli-ƙulli ne a tsumma, har da takardun da aka daɗe da daina karɓa. Tun tana da ƙafa take ɓoyewa, yanzu ta manta inda ta sa. Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Washegari da safe ta aiko mini da koko, ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Angon Iya, a sha da zafi." Har yau ba ta tayar da maganar ba. A wasu garuruwan tsohuwa mai irin wannan sambatu ita ake laƙa wa maita, yara su bi ta da jifa. Iya ta tsira ne don tana da mai rufa mata asiri, mai rufa asirin kuma ita na tuhuma.

To ga abin da nake gani. Jinyar tsoho aiki ne, kuma haƙƙinsa yana kan 'ya'yan da ya haifa. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya san ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce musu ko "uf", da ɗa take magana. Matar ɗa in ta yi, kyautatawa ce ta yi, mu kuwa muka mayar da kyautatawar dole, har muna ƙorafi in mun zo mun ji ɗakin yana ɗan tashi. Saboda haka duk gidan da ya bar wa mace ɗaya jinya, ya yanka mata wani abu duk wata, nata na kanta, daban da kuɗin magani da na cefane, kuma a damƙa mata a hannu. 'Ya'ya mata da matan 'ya'yan da ke birni su riƙa zuwa suna karɓarta, ko mako bibbiyu ne, ta samu ta yi barci, ta je ta ga nata iyayen. Na yarda namiji ba zai yi wa uwarsa wanka ba, kunya ta hana. Kunya ba ta hana shi ɗebo ruwa ba, ba ta hana shi kwana a ƙofar ɗaki ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an ce mini. Ai lada take nema, in ka biya ta ka mayar da ita 'yar aiki, ka zubar mata da lada. Abin mamaki, wannan tsoron zubewar lada ba ya tashi sai a kan mata. Malamin da ya raba gado ana ba shi na goro, masu haƙar kabari ana yi musu ihsani, limamin da ya ja tarawihi ana haɗa masa wani abu, ba wanda ya ce ladansu ya zube. Wani kuma ya ce ai mijinta zai ci gado, duk gida ɗaya ne. Mu da muka san dukiyar miji ba ta mata ba ce? Sau nawa muka ga an sayar da gonar gado an yi sabon aure da kuɗin? Baffana mutumin kirki ne, ba shi nake nufi ba. Amma haƙƙin mutum bai kamata ya rataya a kan kirkin wani ba.

Shari'a ma ba ta rufe ƙofar nan ba, mu ne ba ma bi ta ciki. In mutum ya rasu, a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba saura. Babu wasiyya ga magaji. Matar ɗa kuwa ba magajiya ba ce, don haka halal ne uwar miji ta ce gonata ta bayan gari, ko tumakina biyu, na wance ne. Na tabbata da an tuna wa Iya tun tana cikin hankalinta da ta yi, domin ta sha cewa Inna ta fi mata waɗanda ta haifa. Amma mu maganar wasiyya muke gudu kamar kiran mutuwa ce. Ko babu wasiyya, aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu daga ciki, a gaya musu magana mai daɗi. Sau nawa ka ji an karanta ta a wurin rabon gado?

Batun sadakar uku da bakwai da arba'in, wannan na bar wa malamai, sun daɗe suna kai ruwa rana a kai. Tambayata ƙarama ce: shinkafar da ta samu cikin awa shida saboda gawa, me ya hana ta samuwa cikin shekara biyar saboda mai rai? Amsar ba ta da daɗi. Makoki a bainar jama'a ake yin sa, abokan aiki za su zo, surukai za su zo, za a ga rumfa a ga abinci. Jinya kuwa a bayan labule take.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma ba abin da ya fi ƙarfinta nake roƙo ba. Shekara da shekaru ma'aikatan rigakafin shan inna suna bin gida-gida a ƙauyukanmu, suna ɗiga wa yara magani suna rubutu da alli a jikin katanga, har aka tabbatar a 2020 cewa cutar ta bar Najeriya. Wato an san hanyar kowane gida. Mai unguwa da dagaci sun san duk ɗakin da tsoho ke kwance, ba sai an yi ƙidaya ba. Me zai hana ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya riƙa zagayawa ko sau ɗaya a wata, ya auna jini, ya duba gyambon kwanciya, ya nuna wa mai jinya yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ɓalla nata bayan ba, ya gaya wa mutanen gida cewa gigin tsufa ciwo ne? A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata, lokacin da mafi ƙarancin albashi bai kai 10,000 ba, kuma sama ba ta faɗo ba. Akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, akwai kwamitocin zakka a masarautunmu da ke tara hatsi duk kaka. Tsohon manomi bai taɓa karɓar albashi ba balle fansho, amma gyaɗarsa da harajinsa ne suka riƙe Jihar Arewa kafin a san daɗin mai. In za a rubuta sunansa a wani littafi, a rubuta na mai jinyarsa a gefe.

Bayan arba'in aka zauna rabo. Abin da Iya ta bari ba yawa: gona ɗaya da ta gada wurin mahaifinta, tumaki biyar, gadon ƙarfe, da jeren nan. Ni jika ne, babana yana raye, ko allura ba ni da ita a ciki, don haka ta bakinsa na bi. Na ce, Baba, akuyar Inna a ganina bashi ce, a fara fitar da ita. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ai bai san an yi haka ba. A wurin zaman gwaggona babba ta ce ba a taɓa yi ba, ƙaramar ta ce to a fara daga yau. Baffa kansa na ƙasa. Daga ƙarshe aka ware tunkiya biyu da gadon ƙarfen, aka ce a kira Inna.

Ta zo ta tsuguna a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Babana ya yi mata bayani, ya yi godiya, ya nemi ta yafe mana. Ta ce, "Yaya, ba komai, ai uwata ce." Aka yi shiru. Har ta yunƙura za ta tashi sai ta koma ta ce, in dai ana son a yi mata wani abu, a mayar da yarinyar nan makaranta.

Yarinyar tana tsakar gida tana wanke kwanukan baƙi. Shekararta goma sha takwas yanzu, ta fi uwar tsawo, har an fara aiko da gaisuwa daga gidan wani mai gyaran babur. 'Yan ajin da ta bari sun rubuta jarrabawar fita sakandare a shekarar da Iya ta rasu.